Mun Je Guangzhou Kallon Rijiyar da Aka Binne

Tun da na dawo daga ƙasar Sin ban huta da tambaya ba. A ɗakin malamai tambaya, a gidan suna tambaya, har mai niƙa sai ya kashe inji ya ce, "Malama, yaya Caina?" Idan na ce lafiya lau, a ce ina ɓoye wani abu. Idan na fara bayani, a ce na cika zagaye. To, yau na zauna zan faɗe shi tun daga tushe. Wanda ya gane ya taimake ni da bayani, domin ni da na je ban gama ganewa ba.

Sunana Saratu, ni ce shugabar makarantar firamare ta Tudun Kanya, wani ƙauye tsakanin Bauchi da Gombe. Shekarun baya wani kamfanin 'yan Sin ya haƙa rijiyar neman mai a bayan garinmu. Da suka gama suka kwashe injinansu, suka bar wani kan ƙarfe mai famfuna, ya kai tsayin mutum, da shingen waya, da kududdufin baƙar laka a gefe. Tun daga nan kowa a garin ya ɗora burinsa a kan wannan ƙarfe. Sai ga labari bana cewa za a toshe rijiyar har abada. Gari ya ɗauki zafi. Aka ce doka ta wajabta a ji ta bakin mutanen wurin kafin a taɓa komai, kamfanin kuma ya ce zai ɗauki mutum biyu su je su ga yadda ake yi a can ƙasarsu. Aka zaɓi Baba Wakili, ƙanen dagaci, manomi ne da ya haura sittin. Ni kuma aka haɗa ni da shi don ina jin Turanci. Saƙon da aka ba mu a ƙofar dagaci bai da tsawo: "Ko me za su nuna muku, kada ku yarda."

A filin jirgin Kano muka haɗu da abokiyar tafiyarmu, Injiniya Hadiza, 'yar Zariya, daga hukumar da ke sa ido kan irin wannan aiki. Muna zama a jirgi Baba ya tambaye ta sunan sashen da take aiki. Ta faɗa da Turanci. Ya juyo gare ni, ni kuma na fassara masa yadda kalmar take.

"Wai sashen yasar da rijiyoyi, Baba."

"Yasarwa? To ai shi ne abin da muke ta faɗa! Har ofis gare su!"

Injiniya ta ce, "A'a, Baba, sunan ne kawai haka. Aikinmu shi ne mu hana a yasar da su."

"Sashen yasarwa, aikinsa hana yasarwa."

"Haka ne."

Baba ya gyara hularsa ya dubi taga, bai sake tanka mata ba har Habasha, inda muka sauya jirgi. Ni ma a raina ban ga laifinsa ba.

A filin jirgin Baiyun na Guangzhou akwai wata na'ura da ke ɗaukar zanen yatsu, tana magana da kanta. Ni da Injiniya muka wuce lafiya. Baba kuwa fartanya ta cinye masa zanen, na'ura ta ƙi shi. Ya goge a riga ya ɗora, ta ƙi. Ya hura wa yatsun iska ya ɗora, ta ƙi. Layi ya taru a bayanmu, sai da wata jami'a ta zo ta danne masa hannu da nata biyun sannan aka samu. Muna murna mun tsira, sai ga wani ɗan ƙaramin kare ya zo ya zauna a gaban jakarsa. Aka buɗe, ga kilishi, ga goro a cikin jiƙaƙƙen algarara. Baba ya ɓare ɗaya ya ci a gabansu don su ga abinci ne, har ya miƙa wa jami'in ɓari. Jami'in ya yi murmushi, ya sunkuyar da kai, ya kwashe duka.

A waje muka tarar da tafintan da kamfanin ya ɗauko mana, Malam Musa, mutumin Damagaram, zai yi shekara arba'in da wani abu. Karatu ya kawo shi, ya gama ya zauna yana aika wa 'yan kasuwa kaya. Hausarsa da Faransanci a ciki kamar wake a shinkafa. Da ya ji labarin goro ya ce, "Tsoho, kar ka damu, dakor? Goro na nan garin ga. Mi ne babu a Guangzhou?"

Masaukinmu dogon bene ne. An ba ni kati a maimakon makulli, na buɗe ɗaki, na danna duk abin da ya yi kama da makunni, wuta ta ƙi kamawa. Na zauna a bakin gado ina cewa ashe nan ma ana ɗauke ta. Sai da Injiniya ta leƙo ta cusa katin a wani rami jikin bango, ɗaki ya haske. Na nemi ruwan sanyi aka kawo mini na zafi yana tururi. Na ɗauka kuskure ne, na sake nema, aka kawo wani mai zafin. Su a wurinsu ruwan sanyi shi ne cuta.

Babbar rigimar ranar ita ce alƙibla. Musa ya shimfiɗa wa Baba darduma ta dubi mafaɗar rana.

"Kai, yaro, ni za ka juya wa salla? Tun da aka haife ni gabas nake duba."

"Tsoho, kun wuce Makka tun kuna sama. Yanzu tana bayanku."

Baba ya tsaya da hannu a ƙugu. Aka kawo waya aka nuna masa, ya ce waya ba limami ba ce. Sai da Musa ya kai shi gidan abincin wasu Musulmin Sin masu fararen huluna, ya ga mai gidan ya tayar da salla yana duban yamma, sannan ya bi. A nan muka ci taliyar da ake ja da hannu a gabanka. Aka ba mu tsinke biyu a maimakon cokali. Na yi ta fama, taliya na zamewa tana fantsama mini romo a mayafi. Baba bai ko gwada ba, ya wanke hannunsa ya sa.

Washegari aka kai mu ofishin kamfanin. Injiniyansu, Mista Lin, siriri mai furfura, ya tarbe mu da shayi. Na ga an zuba mini a ƙaramin kofi, ga wani kwano babu komai a tsakiyar tebur. Na ɗaga na shanye. Ashe na farkon na ɗauraye kofi ne, a kwanon ake juye shi. Babu wanda ya yi dariya, abin da ya fi ba ni kunya ke nan.

Mista Lin ya fito da wani bututun gilashi mai tsayi, an jera masa ƙasa launi-launi a ciki. Yana magana, Musa na juyawa, Injiniya na gyara wa Musa. Abin da na iya tsinta shi ne, rijiyar mai ba kamar tamu ta guga ba ce, siririya ce, amma ta ratsa ƙasa hawa-hawa. A sama akwai ruwan da muke sha, can ƙasa kuma ruwan zartsi da iskar gas masu ƙarfin turowa. Bututun ƙarfe ne ya raba su, ƙarfe kuwa yana tsatsa. Don haka doka ta ce wanda ya haƙa, in ya gama, sai ya kai wa hukuma tsarin rufewa ta amince, ya ɗura siminti a wurare daban-daban a cikin ramin, musamman ƙarƙashin ruwan sha. A matsa wa simintin a ga ko zai riƙe, ana duban allurar ma'auni: in ba ta sauka ba, ya riƙe. Sannan a yanke kan ƙarfen a ƙarƙashin ƙasa, a yi masa walda da farantin ƙarfe, a binne, a kwashe laka, a mayar da fili gona. Akwai kuma rufin wucin gadi, wanda ake barin kan ƙarfen a tsaye, amma shi yana da wa'adi, namu kuma ya cika.

Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Musa, tambaya ɗaya. Akwai mai a rijiyarmu ko babu?"

Musa ya juya. Mista Lin ya gyaɗa kai ya fara da cewa, "Yo yo..."

Baba ya miƙe tsaye. "Yoyo? Tana yoyo ba a faɗa mana ba?"

Musa ya riƙe ciki yana dariya. "A'a, Tsoho! A bakinsu 'akwai' yo ne, 'mai' ma yo ne, muryar ce ta bambanta. Cewa ya yi akwai mai."

"To, ka ji! Akwai!"

"Bai ƙare ba. Ya ce akwai, amma kaɗan ne, bai kai wahalar fitar da shi ba. Zartsi da gas sun fi yawa. In an bar ta haka, wata rana za ta yi yoyo."

"Wane yoyon kuma? Nasu ko namu?"

"Namu, Tsoho."

Baba ya koma ya zauna a hankali. Ya dube ni, ni kuma na dubi kofin shayina.

Da la'asar Musa ya kai mu ofishinsa a benen Tianxiu, a unguwar Xiaobei. Kana shiga ka ce Kantin Kwari aka ɗora hawa-hawa: sallama ta ko'ina, buhuna da kwalaye an rubuta musu Kano da Maraɗi, Sinawa masu shago suna kiran kowa "lawban", wato maigida. A wani lungu aka samo wa Baba goro, ya karɓa da hannu biyu kamar an ba shi jariri. Wata mata 'yar Gana ta kawo mana tuwon shinkafa da miyar kuɓewa. Muna ci 'yan kasuwa suka kewaye mu, kowa da fatawarsa. Wani Alhaji mai sayen takalma ya ce shi ya san irin wannan, rufewa za su yi su jira mu manta, sannan su zuƙe man ta ƙarƙashin ƙasa daga wata jiha. Wani ya ce a garinsu an bar irin wannan ƙarfe, yara na kunna ashana a bakinsa yana kamawa. Na tambayi Musa shi me ya gani.

Ya ɗaga kafaɗa. "Madam, ni tafinta ne, abin da aka ce shi nake cewa. Amma ba a ɗauko mutum daga ƙauye a kawo shi nan don a sha shayi. Wanda ya ci ladan kuturu, kin san sauran."

Tuwon ya fita daga raina. Sai na ga jirgin, da ɗakin mai kati, da shayin da na shanye, duk sun zama ladan kuturu.

Na riƙe abin a ciki har ranar da ni da Injiniya muka je Shisanhang sayen tsaraba. Kasuwar tufafi ce, titi a cunkushe, masu tura kaya a amalanke suna ihu ka kauce ko su bi ta kanka. Duk rigar da na ɗaga na nemi daidai jikina, mai shago ta dube ni sama da ƙasa ta ce "meyo", babu ke nan. Bayan meyo ta huɗu ko ta biyar na ja Injiniya gefen wani shago.

"Don Allah ki faɗa mini gaskiya. In muka koma muka ce ba mu yarda ba, me zai faru?"

Ta kauce wa wata amalanke, sannan ta ce, "Za a rufe ta, Malama."

"Ko mun ƙi?"

"Ko kun ƙi. Doka ta ce a ji ta bakinku, ba ta ce sai da izininku ba. Ni kaina ba zan bari a bar ta haka ba, na ga abin da irinta ke yi."

"To me ya kawo mu?"

"Kamfanin na son a yi aiki ba rigima, wannan gaskiya ne. Ni kuma ina son ku san abin da za ku tsaya a kai. Rufewar ba a hannunku take ba. Amma yadda za a rufe, da lakar nan, da gonakin, da ruwanku, kuna da baki a ciki, in kun buɗe shi."

Na rasa ko godiya zan yi mata ko fushi. An aiko mu da kalma ɗaya, a'a, ga shi an ce kalmar ba ta da inda za ta zauna. Na faɗa wa Baba da muka koma masauki. Ya daɗe yana tauna goro, ya ce, "Kin tabbata kin ji daidai? Hausa ta yi miki ko Turanci?" Na ce Hausa. Ya ce, "To, wannan ba laifin tafinta."

Ana jibi za mu taso aka ɗauke mu a mota zuwa wani ƙauye yamma da birnin, don mu ga rijiyar da aka rufe bisa ƙa'ida. Muka bar dogayen benaye, muka shiga tafkunan kifi da gonakin ayaba. Mota ta tsaya a bakin wani lambu. Mista Lin ya shige gaba tsakanin kunyoyin latas da kabeji, ya tsaya, ya buɗe hannuwa yana murmushi.

Baba ya duba hagu, ya duba dama. "Ina rijiyar?"

Musa ya ce, "Wai kana tsaye a kanta."

"Wato mun keto duniya, an ƙwace mini goro, don a nuna mini kabeji?"

Ni kaina dariya ta zo mini, ta haɗu da wani abu kamar kuka. Me zan ce wa mutanen gari na gani?

Muna nan sai ga mai lambun, wata tsohuwa 'yar firit da malfa da takalmin roba. Yarenta daban ne da wanda Musa ya iya, don haka sai ta faɗa wa Mista Lin, shi ya faɗa wa Musa, Musa ya faɗa mana. Baba ya ce a tambaye ta ko rijiyar ta taɓa damunta. Tsohuwa ta ɓalle da magana, tana nuna ƙasa, tana nuna ƙetaren wata magudana, tana toshe hanci, tana kifa tafin hannu. Ta daɗe tana yi. Da maganar ta iso gare mu, cewa aka yi, "Ta ce babu matsala."

Baba ya ce, "Duk wannan?"

Ban san ko fuskarmu ta karanta ba. Sai kawai ta kama hannuna, hannunta kaushi kamar na iyayenmu, ta ja ni. Muka haye wata 'yar gada, sauran na biye da mu, Mista Lin a ƙarshe. Ta kai mu wani fili da bai fi faɗin tsakar gida ba. Ko'ina kore ne a ƙauyen nan, amma nan ƙasa ta yi fari-fari, ko ciyawa babu. A nan Mista Lin ya yi bayani da kansa, murya ƙasa-ƙasa, Musa na juyawa. Wannan wata rijiyar ce, tsohuwa, tun kafin a tsaurara doka. Waɗanda suka haƙa ta sun ɗaure famfo suka tafi. Bayan shekaru ta fara tsatsafo da ruwan zartsi, kifin tafkin tsohuwar ya mutu, rijiyar shansu ta lalace. An zo an toshe ta daga baya da ƙyar, amma ƙasar ba ta dawo ba har yau.

Baba ya tsuguna, ya ɗebi ƙasar ya murza, ya ɗanɗana a harshe, ya tofar. Ya tashi, ya sake haye gadar, ya ɗebi ta cikin kabejin ita ma ya ɗanɗana. Ya je famfon da tsohuwar ke ban ruwa, ya tara hannu ya sha. Tsohuwa na kallonsa tana gyaɗa kai. Ya ciro goro ɗaya ya ba ta. Ta gatsa, ta yamutse fuska, ta yi ta dariya har malfarta ta faɗi. Ita kuma ta tuge kabeji guda ta danƙa masa, ya rungumo shi har mota.

A hanya na ce, "Baba, yanzu me za mu ce a gida?"

Ya ce, "'Yar nan, da na sani da na faɗa miki."

Mun sauka Kano, muka kama hanyar gida, muka tarar gari na jiranmu a ƙofar dagaci. Baba ya miƙe ya ce an kai shi ya ga rijiya biyu. Wadda aka rufe da kyau bai ga komai ba sai kabeji. Wadda aka bari kuma ya ɗanɗani ƙasarta, gishiri ce. Wuri ya kaure. Garba, shugaban matasa, ya nuna ni ya ce, "Malama, ke ce mai ilimi. Ki rantse babu mai a ƙarƙashin garin nan."

Na ce ba zan rantse ba. Sun ce akwai, sun ce kaɗan ne, ni ban leƙa ba, ba ni kuma da yadda zan gane ko gaskiya suka faɗa. Na faɗa musu abin da Injiniya ta faɗa mini, cewa da yardarmu da rashinta za a rufe. Wani daga baya ya ce an saye mu da jirgi. Wasu suka tashi suka tafi. Akwai matan da har yau in mun haɗu a rijiya sai su amsa gaisuwata a taƙaice.

Baba ya jira ƙura ta lafa, sannan ya ce tunda ba za a fasa ba, shi yana da nasa sharaɗin. A auna ruwan rijiyoyin gari kafin a fara da bayan an gama, a gaban mutane. A kwashe lakar kududdufin a fitar da ita daga ƙasarmu, kada a rufe ta da yashi. Kuma ba za a ɗura ko cokali ɗaya na siminti ba sai yana wurin. Injiniya Hadiza ta kai maganar, aka karɓa.

An fara aikin bayan girbi. Kullum da safe Baba Wakili na ɗaukar kujerarsa ta roba ya kafa ta a bakin shinge, an ba shi hular kwano yana ɗora ta a kan tasa. Injina na ruri, shi yana zaune yana kallo har a tashi. In na taso daga makaranta nakan bi ta wurin. Shekaranjiya ya yafuto ni ya ce, "Malama, yau me suka yi?"

Na ce, "Baba, ai kai ne a wurin."

"Sun haɗa wani tiyo, suka tsaya suna kallon wata allura kamar ta agogo. Ni ma na tashi na je na kalla."

"Ta motsa?"

"Ba ta motsa ba. Na zuba mata ido har ƙwalla ta zo mini. To, hakan alheri ne ko sharri?"

Na tsaya ina ƙoƙarin tuno bututun gilashin Mista Lin, launukan suka cakuɗe mini. Na ce ina jin alheri ne, amma bari in kira Injiniya. Ya ce in kira, yana jira. Ya gyara zaman kujerarsa ya mayar da fuska wajen rijiyar.